Jan Dutsen Kaka Hei

Hanga Roa,
14 ga Janairu, 1957

Zuwa ga ƙanena Ruperto,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana nan lafiya. Yaya aikin tashar jiragen ruwa, yaya zaman Valparaiso? Mu nan lafiya lau. Mijina Nikanor yana gaishe ka, Goggo Anatolia ma haka. Sabulu da yadin da ka aiko sun iso, na gode. Amma kai ko kunya ba ka ji? Shekara takwas sai sabulu, ko layi biyu babu. Sabulun ne zai gaya mini ko ka rame?

Jirgi kwana shida zai yi, in ya tafi kuma sai baɗi, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Idon Koro, mahaifinmu, ya fara tafiya. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma sai ya kai abu har hanci. Ranar Lahadi ya tsaya ya gaida turken doki a ƙofar coci, har da tambayar iyali. Mun yi dariya, shi ma ya yi, amma da na koma gida kuka na sha.

Tun bara da baƙin nan suka sa aka tayar da moai guda, wato mutum-mutumin dutse, a Anakena, mahaifinmu bai sake samun sukuni ba. Ya ce shi ma sai ya tayar da Kaka Hei. Ka dai san yadda mutum-mutumin yake kwance rub da ciki a Hanga Tea tun kafin a haifi kakan Koro, babu mai rai da ya taɓa ganin fuskarsa. Koro ya ce ba zai makance bai ga fuskar wanda ya kafa zuriyarmu ba. Ya yi ta sintiri a ofishin hukuma har suka gaji da shi, suka ba mu takardar fita gari, mu goma sha huɗu.

Da muka share ciyawa sai ga giɓin nan a dakalin Kaka. Duwatsu uku babu: baƙaƙe biyun da Kaka zai tsaya a kansu, da jan nan na gaba. Nikanor ya ce a sassaƙa sababbi. Koro ya ce, "Sannu, mai dabara. Mutum yana gidansa za ka kawo masa kujerar aro?"

Ba tonon silili nake yi ba, ƙanena. Na san shekararka goma sha tara a lokacin. Na san an ce ku kwaso duwatsu ku yi wa tumaki katanga, kai kuma ka ga waɗannan a gyare suke, ka sa shanu suka ja. Ban kuma manta abin da Koro ya faɗa a gaban jama'a ba, cewa muddin yana numfashi kada ƙafarka ta sake taka tsibirin nan. Tun daga ranar bai ƙara furta sunanka ba. In ta kama dole sai ya ce "wancan".

Katangun tumaki sun cika tsibiri, ta ina za mu fara? Cikin waɗanda kuka yi aikin tare, biyu sun rasu, na ukun giya ta gama da kansa. Kai kaɗai ka san inda duwatsun suke, ka rubuto mana. Koro bai san na rubuta maka ba, kuma ban yi maka alkawarin zai huce ba. Ni dai ina so ƙanena ya dawo gida, kuma ban ga wata hanya ba sai wannan.

Ka riƙa cin abinci, ka rage taurin kai. Allah ya tsare mini kai.

Yayarka,
Emelina


Hanga Roa,
3 ga Fabrairu, 1958

Ƙanena Ruperto,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan jikinka ƙalau, kuma tarin da ka ce ka yi da sanyi ya tafi. Wasiƙarka ta iso, shafi huɗu har da zane! Ashe kana da hannu, muke ta fama da sabulu.

Tun bara na gaya wa Koro na rubuta maka, don ni ɓoye abu ciwon ciki yake sa ni. Kwana uku bai ci abincina ba, sai na Goggo, wanda ka san ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. A na huɗu ya dawo da kansa, ya ce dankalina ya yi gishiri, ya cinye tas.

Shekarar nan ba mu zauna ba. Mu mata mun tara ƙananan duwatsu har tsibi uku, hannuna ya zama kamar na masunci. Maza kuma da ƙyar suka samo gungume uku dogaye, ka san ƙarancin itace a nan.

Ranar da takardarka ta zo na ce, "Koro, in karanta?" Ya ce shi ba ya da ɗa a wani gari da zai rubuto masa. Ya ɗauki komarsa ya fita, wai zai yi ɗinki. Mutumin da ba ya ganin allura! Bai wuce bayan taga ba. Ni kuma na zaunar da Nikanor na karanta masa da ƙarfi kamar mai shela, har ya ce, "Ke, ni kurma ne?" Da na zo inda ka ce duk buhun da ka ɗora a kafaɗa nauyin jan dutsen nan kake ji, sai na ji motsi a waje ya tsaya. Can sai Koro ya ɗaga murya: "Maimaita wurin katangar. Kina karatu kamar ana korar ki."

Washegari muka hau dawaki. Zanenka ya ce taku arba'in daga ƙofar garke, wajen rijiya, to ashe an mayar da ƙofar wani wuri tun tuni, ga gansakuka ta rufe duwatsun duk sun zama iri ɗaya. Muka yi ta lalube har rana ta take. Nikanor ya fara cewa ko ka manta ne, na ce ya rufe mini baki. Sai Koro ya sauko, ya ɗora tafinsa a katanga yana bi a hankali. Ya yi nisa, har na ce a dawo da shi, sai ya tsaya cak. Ya kankare gansakuka da farce, ya ce, "Ga shi. A kan wannan ubana yake zaunar da ni in sha rake." Muka duba, ja ne. Baƙaƙen biyu suna ƙarƙashinsa, yadda ka zana.

Mai kula da garken ya yarda mu cire, da sharaɗin mu toshe a ranar, kuma ko tunkiya ɗaya kada ta fita. Da ka ga Goggo a tsaye a giɓin ta baza siket tana zagin tumaki har kakanninsu, da ka yi dariya har ka faɗi.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda ka rubuta ƙanana a gefen takarda kamar kana tsoron a gani: "In zo?" Na tambaye shi jiya. Ya ce, "Tukunyarki tana ƙonewa." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da can da sanda zai jefe ni, don haka ni na ɗauka ci gaba ne. Amma kada ka hau jirgi tukuna, ba na so ka zo a bar ka tsaye a bakin ruwa.

Gaskiya ina jin tsoro. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama haske da inuwa kawai yake rabewa, kuma sai an gama askin tumaki za a sako mana maza. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Emelina


Hanga Roa,
20 ga Janairu, 1959

Ƙanena, ɗan'uwana Ruperto,

Gaisuwa irin ta wadda ta ƙagu ta gan ka. Ina fatan kana lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Kaka Hei ya tashi.

Kwana ashirin da ɗaya muka yi, a watan Nuwamba. Maza su cusa gungumen ƙarƙashin kafaɗarsa su rataya a ɗaya ƙarshen, ya ɗaga kamar faɗin yatsa, Nikanor yana kwance rub da ciki ya tura dutse, mu kuma mu miƙo wani. Haka kullum, daga safe har yamma, sai ka rantse ba ya motsi. A rana ta tara gungume ɗaya ya karye, Kaka ya yi wata girgiza, kowa ya ranta a na kare, har da mijina jarumi. Koro kaɗai ya rage a zaune. Ya ce, "Ina kuka shiga? Mutumin da ya fi shekara ɗari a kwance, yau ne zai tashi ya bi ku?"

Abin da zan faɗa yanzu da ciwo, amma gara ka ji daga bakina. Koro bai ga fuskar ba. Idon dama ya rufe tun watan Agusta. Na yi fushi da kowa, da masu askin tumaki, da jirgin da ba ya zuwa sai shekara, har da kai. Shi kuwa ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba, da kunne ya riƙa jagorantar aikin. In dutse ya yi wata ƙara sai ya ce a cire, bai zauna daidai ba.

Ranar ƙarshe aka ja igiya, Kaka ya yi tangaɗi sau biyu, ya tsaya daram a kan baƙaƙen duwatsunsa, ya ba teku baya, yana kallon tudu inda gidajenmu na da suke. Mata suka ɓarke da kuka da guɗa. Kafin a kwashe tsibin duwatsun da ya kai har wuyan Kaka, Koro ya ce a hau da shi. Ni da Nikanor muka riƙe shi. Ya shafa goshin, ya shafa dogon kunnen, ya bi hancin har ƙasa. Da hannunsa ya kai baki sai ya tsaya, ya sake shafawa, ya kece da dariya. Ya ce, "Kai, jama'a, ku zo ku ga zumɓura baki! Wannan ai Ruperto ne in an hana shi kan kifi."

Goggo ta dafe ƙirji. Na zaci zai wayance ya ce suɓutar baki ce. Sai ya jingina goshinsa da dutsen ya sake cewa, "Ruperto," a hankali. Shekara goma, ƙanena. Ban san yadda aka yi na sauko daga tsibin nan ba.

Washegari maza suka zo saka jan dutsen a gurbinsa, da an saka aiki ya ƙare ke nan. Suka tarar Koro ya riga su, yana zaune a kai da sandarsa. Nikanor ya ce, "Baba, ɗan tashi mu saka." Ya ce, "Ba mai taɓa shi. Wanda ya cire shi ne zai mayar."

Wata biyu ke nan dutsen yana kwance a ciyawa, giɓin yana nan a buɗe. Koro ya hana a yi walima, ya ce ba a haƙa ramin gasa nama dakali bai cika ba. Kajin da muka ware sun yi ƙiba har ba sa iya gudu, Goggo tana ta mita wai su za su binne ta.

Da safen nan, da jirgi ya yi kuka, ya laluba ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in ɗauko takarda. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Ki gaya wa Ruperto ni ba maigadin dutse ba ne, ya hau jirgin baɗi. Jikina da ƙwari, zan jira. Ya bar gemu ko ya aske, duk ɗaya ne, da hannu zan duba shi."

Na riga na share ɗakinka. Kada ka kawo sabulu.

Yayarka mai jiran ka a bakin ruwa,
Emelina