Takalman da Ka Aiko wa Baba

Tsibirin Karfatos, 3 ga Oktoba

Yayana Tanasis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jamus?

Saƙonka ya iso, takalman shiga ruwa sun yi wa Baba daidai. Da farko cewa ya yi shi ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, ƙayar bushiyar teku guda ɗaya ba za ta sa ya daina iyo da ƙafar da Allah ya ba shi ba. Ina juya baya sai ga shi a ƙofar gida yana nuna wa maƙwabta, wai ɗansa ne ya aiko. Yanzu ko cire su ba ya yi.

Baƙi sun watse, na rufe rumfar koyar da iyo. Baba da tsofaffin abokan iyonsa suna nan yadda ka bar su. Kullum da safe su jera takalmansu a kan katangar bakin teku su faɗa ruwa, wanda ya fito ƙarshe ya duba katanga, in babu sauran takalmi ya bi su shan kofi.

Ƙanwarka,
Froso

21 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka. Da fatan kana samun barci.

Na kasa yi maka magana a waya, shi ya sa na rubuto. Masunta ne suka samo gawar Baba a teku. Iskar arewa da ta ja shi ita ce ta hana jirginka tasowa, kar ka zargi kanka don ba ka ga jana'iza ba. Fada ya yi addu'a, mutane sun cika coci, an ce na yi dauriya.

Ban yi kuka ba. Ina shara, ina girki, ina ba kaji ruwa. Kofi biyu nake haɗawa da safe, in shanye duka.

Froso

9 ga Nuwamba

Yayana,

Gaisuwa gare ka da yara. Ni lafiya lau, haka dai ake cewa.

Ka sake tambaya yadda aka yi har rana ta take tsaka babu wanda ya lura Baba bai fito ba. Ka ce Kawu Lefteris, abokinsa na yarinta, shi ya fito ƙarshe, shi ya kashe shi da sakaci, kuma kar ya kuskura ya zo addu'ar arba'in. Na faɗa masa. Ya ce, “Froso, bar shi ya zage ni. Ni tsoho ne, zan iya ɗauka. Kar ki gaya masa komai.”

Ya daina shiga ruwa, ya daina cin abinci. Ba zan iya binne tsoho na biyu ba.

Kawu ya duba katanga, Yaya. Babu takalmi ko ɗaya a kai. Baba bai ajiye komai ba, domin da waɗanda ka aiko ya shiga ruwa, da su kuma aka fito da shi. Ni mai koya wa mutane iyo, kullum ina ganinsa yana fita da su, abin bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ba ka da laifi, ko kuma duk muna da shi, ban sani ba. Ka dai kira Kawu.

Jiya na kai tsohon silifas ɗin Baba na ajiye a kan katanga. Tsofaffin suka fito daga ruwa suka gan shi. Babu wanda ya tafi shan kofi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Froso