Gwiwar Hagu ta Bala

Akokan, farkon Nuwamba

Zuwa ga matata Sa'adatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da jaririyarmu Maryama. Yaya ƙarfin jiki, yaya wankan jego? Ki gaishe mini da Inno, ki ce ina godiya da ɗawainiya. Na san za ki yi dariya ki ce ga talho a aljihu, me ya kai ni rubutu. To ai in na kira, rabin hirar a "kina ji na?" take ƙarewa, shi ya sa na gwammace in ba direban Damagaram takarda ya kai miki.

Albishirinki. Na samu aikin da ya fi ɗaukar biki. Ƙarshen wata za a yi kokowar fidda waɗanda za su tsaya wa jiha a gasar takobi ta ƙasa, kuma karawar da gari ke jira ita ce ta Bala da Intala, wani dogo daga wajen Dannet da ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Fatahu mai shirya wasan yana son bidiyon talla. Bala ya ce in ba ni ba, ba wanda zai ɗauke shi. Na ji daɗi ƙwarai. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna sauka ramin haƙar ma'adinai na Akokan tare kafin a rufe shi, wanda ya yi mini babban aboki ranar aurenmu, bai manta ni ba da ya yi suna.

Kin san ni da tsanar irin tallan da ake yi wa 'yan kokowa. A samo hoto ɗaya, a manna masa wuta a baya da zaki a gefe, a sa kiɗa mai fasa kunne, shi ke nan wai an yi aiki. Ni na bi Bala har bayan tsofaffin gidajen ma'aikata inda yake atisaye. Na ɗauki ƙafarsa tana nitsewa a yashi, na ɗauki numfashinsa, na kawo makaɗinsa ya yi masa kirari ba tare da na cusa wani kiɗa a kai ba. Sai kin gani.

Abu ɗaya ya dame ni. A wajen atisaye ba a barin baƙo, balle kamara, don ba a nuna ɗan kokowa a ƙasa, ni ma albarkacin abota aka bar ni. Da aka zo kamun gaske na sa hannu zan kashe, Bala ya ce in bari, yana son ya ga kuskurensa daga baya. Ahmudu, abokin atisayensa, ya kama shi ta ƙafar hagu ya kayar, ya sake kamawa ya sake kayarwa. Bala ya tashi yana ɗingishi, gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Ya riƙe hannuna ya ce wannan amana ce. Na ce ko bai faɗa ba. Ke ma na faɗa miki ne don ke ce, ki sa shi a addu'a.

Ki ci abinci sosai, kada ki dawo mini kamar sillen kara.

Mijinki,
Ɗalhatu

Akokan, tsakiyar Nuwamba

Sa'adatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Maryama da Inno da duk mutanen gida. Allah ya sa kuna lafiya. Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce babu daɗi. Gara ki ji daga bakina, don na tabbata abin zai iso talhon wani a unguwarku.

Na gama bidiyon na nuna wa Fatahu a shago. Ya taɓe baki ya ce ya yi kyau, amma kamar na ɗaurin aure, ba abin da zai sa mutum ya bar sana'arsa ya zo fili. Na haɗiye. Ya ce zai kwafa, ana cikin haka aka kira la'asar, na bar shi gaban na'ura na tafi masallaci. Wa ke tunanin mutum zai yi masa sata yana sallah?

Kwana kaɗan sai ga bidiyo a kowane talho, daga nan Akokan har cikin Arlit. Farkonsa nawa ne, kirarin da komai. Tsakiyarsa kuwa Bala ne a ƙasa, an rage gudun hoton, an matso da gwiwar har ta cika fuskar talho, an ɗauke kiɗan sai nishinsa kawai ake ji. Sannan ga Intala yana tahowa. A ƙarshe an rubuta sunana da manyan haruffa, har da lambar shago. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Sa'adatu, bidiyon ya yi kyau. Wanda ya haɗa shi ya san aiki. Har 'yan Tchibarakaten masu haƙar zinari an ce suna neman mota don su zo kallo.

Na je wurin Fatahu, ya ce shi bai san zancen ba, abin da na ba shi ya yaɗa. Na je gidan Bala, ya bar ni tsaye a ƙofa gaban yaransa, ya dube ni sama da ƙasa ya koma ciki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu in na yi sallama a majalisa sai a amsa ciki-ciki. An jefe allon shago da duwatsu. Makaɗin da na ɗauko da babur ɗina ya sa sunana a zambo, yara na bi suna maimaitawa. Hajiya Halimatussa'adiya, da ta ba ni aikin bikin 'yarta tun kafin ki tafi, ta aiko a ce mini in bari. Wai wanda ya tona ɗan kokowa, ba za ta sa shi cikin mata da kamara ba. Ban ga laifinta ba. Sana'ata duk yarda ce, ana barina in shiga inda ko ƙanin ango ba ya shiga. Sauran bukukuwan ma duk sun bi bayan nata.

Ba don kaina kaɗai nake baƙin ciki ba. Intala zai je wa gwiwar nan kai tsaye, in ya karya Bala da me zan wanke kaina? Na rubuta wa Bala saƙo na rantse masa da Allah, ya karanta bai amsa ba.

Kada ki gaya wa Inno, hawan jininta ya ishe ta. Ki sumbatar mini Maryama.

Naki,
Ɗalhatu

Akokan, farkon Disamba

Zuwa ga Sa'adatu, uwar Maryama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yarinya da Inno. Saƙonki ya iso ni, na ji kuma kin yi kuka. Ki share hawayenki, ki zauna ki karanta wannan a tsanake, ke kaɗai.

An yi kokowar. Ban taɓa ganin filin Arlit ya cika haka ba, har kan katanga mutane ne. Na je ba kamara, na naɗe fuskata da rawani na tsaya can baya wajen masu sayar da ruwa. Bala ya shigo da gwiwa a ɗaure, yana jan ƙafar kaɗan. Ni kuwa addu'a kawai nake yi. Ana busa usur Intala bai tsaya neman hannu ba, ya duƙa ya faɗa wa ƙafar hagu kamar yadda kowa ya san zai yi. Sai ƙafar ta janye da saurin da lafiyayyiya kaɗai ke yi. Bala ya danne masa wuya, ya sa masa ita wannan ƙafar ta hagun ya juya shi. Dogon mutumin nan sai ga bayansa a yashi. Filin ya ɗauki ihu, ni ma na yi tsalle ina hamdala kamar wawa. Na ɗauka Allah ne ya rufa mini asiri.

Washegari da azahar, lokacin da layi ba kowa, sai ga Bala ta ƙofar bayan shago. Tafiyarsa garau. Ya rungume ni yana dariya har da hawaye, ya ajiye mini kwali, sabuwar kamara ce a ciki. Sannan ya zauna kan bencina ya warware mini komai, yana jin daɗin labarin kamar mai ba da labarin farauta.

Gwiwar ba abin da ya taɓa samunta. Faɗuwar da na ɗauka, shi da Ahmudu suka shirya. Shi ya gaya wa Fatahu inda zai samu hoton a na'urata da lokacin da nake fita sallah. Shi ya ce a sa sunana. Ya ce mutanen Intala ba yara ba ne, in Fatahu ya fidda hoton za su ce dabara ce, amma in aminin Bala ne ya ci amanarsa, kowa zai yarda. Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini tun farko, ai da na taya shi. Ya ce fuskata ba ta iya ƙarya ba. Ramar da na yi da yawon da nake yi gari kamar marainiyar akuya, wai su ne suka fi bidiyon aiki.

Sa'adatu, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ina kwana ina tashi da tausayin mutum, ashe shi yana leƙena ta taga yana auna ko na rame yadda ya kamata. Ranar da ya bar ni tsaye a ƙofarsa, wasa yake yi, ni ne ban san ina cikin fim ba.

Duk da haka na danne. Na ce to ya wuce, mu je majalisa yanzu ya faɗa da bakinsa, ya sa makaɗinsa ya janye zambon, ya aika wa Hajiya. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce ba yanzu ba. Bidiyon ya kai Tawa da Maraɗi da Dosso, 'yan kokowar can duk sun gani, da yawansu na cewa sa'a ya yi kuma gwiwar tana nan da ciwonta. Yana son su je takobi da wannan tunanin. In ƙara haƙuri har a gama. In kuma ya ci, ya ce sai a duba, don ba zai yi kyau a ce sarkin kokowa da yaudara ya hau ba.

Na ce masa in na fita na faɗa da kaina fa? Ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ba za ka faɗa ba, Ɗalhatu. Shi ya sa na zaɓe ka."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Na zauna na juya maganar ta kowace fuska. In na yi shiru, ni maci amana ne a bakin gari. In na buɗe baki, na tona asirin ɗan kokowa ana gab da takobi, na zama abin da suke faɗa da gaske, kuma jiha guda ce za ta tsine mini. Ba zan faɗa ba. Amma ba don shi ba, wallahi ba don shi ba. Na bi shi da kwalinsa har bakin ƙofa na sa masa a hannu. Ya yi mamaki, har yana tambayata ko ƙirar ce ba ta yi mini ba.

Saboda haka kada ki shirya kayan dawowa. Ba zan kawo ki garin da za a nuna ki a rijiya a ce ga matar wane ba, ba kuma zan bari Maryama ta fara jin sunan ubanta a bakin makaɗi ba. Na ba maƙwabci ajiyar gado da tukwanenki, na mayar wa mai shago makullinsa. Ki ce wa Inno aiki ne ya yi ƙasa a Arlit, ba ƙarya kika yi ba. Sauran kuwa ki riƙe a cikinki. Duk duniya ke kaɗai kika san ban yi ba, ke da mutanen da suka yi mini.

Zan shigo motar Laraba in Allah ya yarda. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Ɗalhatu