Mahaifina Yana Kwance Cikin Wayarku

Zuwa ga Shugaban Gonar Bincike ta gwamnati da ke bayan garin Tamale.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni tsoho ne daga unguwar Zogbeli. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma. Tun kafin a sauke tutar Turawa nake ɗauke da maganar nan, ba wanda ya amsa mini.

Na farko. Inda kuka ja waya, nan rugarmu take a da. Nan na koyi tatsa. In an gama girbi manoma su kira mu, shanu su ci kara su bar musu taki, inna ta ɗora ƙwaryar nono sai kasuwa. Ba ƙofa, ba mai gadi. Ban ce ku mayar da fili ba, sarki ne ya ba ku, na ji. Amma mahaifina yana kwance can, gabas da wata ɗorawa, kuma ban taɓa jin an ba da ƙasa har da mutanen cikinta ba.

Na biyu. Na zo muku yadda ake zuwa ƙofar manya, da goro a ganye. Mai gadi ya ce cin hanci ne, zan sa a kore shi. Goron gaisuwa fa. Na koma da abina. Da aka samu 'yancin kai na ce to, yanzu namu ne a ciki, na dawo. Aka ce baƙo sai ya sa hannu da alƙalami. Na miƙa yatsa, aka ce bai yi ba. Yatsan nan aka shafa wa tawada ranar zaɓe, ba wanda ya raina shi. Ina tsaye lori ta shige da 'yan makaranta, za su kallon masara.

Na uku. Leburorinku sun ce bana za a sare itatuwan gefen nan a sa tarakta. Mu ba ma rubuta suna a kabari, ɗorawar ce alama. Cikin waɗanda suka haƙa kabarin ni kaɗai na rage, idona kuma ya fara duhu. 'Ya'yana ba su san wurin ba.

Roƙona safiya ɗaya ce, ni da babban ɗana, kafin a kai gatari. In nuna masa, mu yi addu'a, mu jera duwatsu, mu fita. Ko ganye ba za mu taɓa ba. In ba zai yiwu ba, kada a sake haɗa ni da mai gadi. Kai da bakinka ka ce garma ta bi ta kan mahaifina, in ji da kunnena.

Allah ya ƙara girma, ya jiƙan naka magabatan. Ina jiran amsarka.

Wassalam.
Buba Mai Shanu, Zogbeli.