Ƙorama Tana Cin Kabarin Baba

Daga Tamaske, zuwa ga ƙanena Abdoulkadir, a ƙasar Indiya.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Janairu na kamawa zan karɓi konje, hutuna na shekara, in zo da ƙafata in nuna muku kabarin Baba." Maganarka ce, ba tawa ba. Ka faɗe ta bayan yankan hatsi, na kuwa rubuta ta a bangon littafina, kamar yadda na saba da duk maganar da nake zaton za a musanta wata rana. Yau ga Afrilu yana ƙarewa.

Amma fushi ba ya kayar da gaisuwa. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya sa albarka a aikin tafintar da kake yi wa marasa lafiya a asibitin can. Mu nan mun gode Allah. Inna Hajo tana nan, sai ciwon gwiwar da ka sani. Zafi ya tsananta, mutane sun fara sharar gona, kuma shekaranjiya hadari ya taso daga gabas, ya yi ta ruri, bai zubar ba. Kowa ya ɗaga kai yana fatan ruwa, ni kaɗai a garin nan nake roƙon Allah Ya jinkirta shi.

Bari in maimaita maka dalili, tun da nisa yana sa mantuwa. Ruwan bara ya sa ƙoramar da ke bayan tsohuwar maƙabarta ta ci gaɓa har ta tafi da kaburbura huɗu. Abin da ya rage tsakaninta da layin da Baba yake bai kai taku shida ba. Liman ya ce lalura ta halatta a ɗauke mamatan a mayar da su tudu. Wanda danginsa suka nuna, za a yi masa kabarinsa shi kaɗai. Waɗanda ba a gane ba, za a tara ƙasusuwansu a rami guda. Kai ka san mu ba ma rubuta suna a kabari, tarin duwatsu ne da fasasshen tulu, kuma shekara goma sha ɗaya ta mayar da su duka kama ɗaya. Ranar da aka rufe Baba ina cikin gida tare da mata, don mace ba ta raka gawa. Ku uku kuka shiga ramin. Kawu Jika ya rasu, ɗan'uwanmu Rabo ya tafi Libiya shekara bakwai ba amo ba labari. Saura kai.

Ana cikin haka sai ga saƙon muryarka a waya, wanda ka aiko wa dangi duka makon jiya, minti tara cur. Na zaci ranar zuwanka za ka faɗa. Ashe labarin maƙwabcinka ne, mabiyin addinin Hindu. Ka ce ranar da wata ya ɓace gaba ɗaya mutumin ya ɗauki azumi, bai je aiki ba, ya gayyace ka bakin kogi ka ga yadda suke tuna magabatansu. Ka ce ya zuba ruwa da baƙin riɗi, ya dunƙula shinkafa ya ajiye wa hankaki, yana kiran sunan ubansa da kakansa da uban kakansa. Ka ce har hawaye ya zo maka, kuma wai ya kamata mu Hausawa mu koyi girmama iyaye daga wurinsu. Mu! Na saurara sau biyu, don in tabbata kunnena bai yi mini ƙarya ba.

Kada ka ɗauka da mutumin nake faɗa. Addininsa nasa ne, namu namu ne, ba kuwa cewa na yi ka je ka ciyar da tsuntsaye ba. Shekara ashirin da shida na yi ina karantarwa a lakkol, na karanta abin da aka rubuta game da al'adar tasu tun kana rarrafe, na san a wurinsu nauyin nan a kan ɗa namiji yake. Shi ya san nauyinsa, ya bar aikinsa da cikinsa ya sauke shi. Kai kuma ka tsaya a gefe kana sharar hawaye. An ce hankaka mai da ɗan wani naka, to kai uban wani ka mayar naka. Ko ka gaya wa maƙwabcin naka cewa naka uban yana kwance a bakin ƙorama yana jiranka? Na tabbata ba ka gaya masa ba, don da kunya ta hana shi sake gayyatarka.

Na san abin da za ka ce, wai ka riga ka kwatanta ta waya: taku goma yamma da itacen aduwa. Abdoulkadir, aduwar tana cikin ƙorama tun watan Agusta, ko kututturenta babu. Isaka, ɗan Kawu Jika, ya shiga maƙabartar da wayarsa yana nuna maka hoto, ka ce wannan ne, ka sake cewa a'a, kamar wancan. Ya dawo ya ce mini shi ba zai tona uban wani ya kawo mana ba. Ya yi gaskiya. Kai da bakinka ka ce in ka tsaya a wurin, ka dubi dutsen gari da hanyar da kuka bi da makara, ƙafarka za ta kai ka. To ƙafar muke nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Ta riga ta gaya wa Liman in ta cika a sa ta kusa da mijinta. Ina za a sa ta in mijin ya shiga ramin taro? Duk safiya sai ta tambaye ni ko Audu ya taso. A Janairu na ce mata takardu ne suka riƙe ka. A Fabrairu na ce asibiti ya hana ka hutu. A Maris na ce jirgi. Ni da nake hukunta yara a kan ƙarya, na zama maƙaryaciya a gaban uwata saboda kai. Alhali Fatsima, matar Isaka, ta nuna mini hotunan hutun da ka kai iyalinka bakin teku, a cikin Janairun nan da ka yi mana alkawari.

Ka gai da matarka Aziza, ba ruwanta a wannan. Ka shafa mini kan Walid da Mansura. Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarkar da ba ta san ko ka cancanta ba. Isaka da Fatsima suna gaisuwa.

Liman ya sa Asabar ta uku a watan Mayu don fara tonon, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba. Ina son ka a Tamaske ranar Juma'a, ana gobe tonon. In rana ta faɗi ba ka iso ba, da safe zan ɗaura zanena in shiga maƙabartar nan, duk mai magana ya yi, in tsaya har a zuba Babanmu Malam Halidu a rami guda da mutanen da ba a san sunansu ba, don kada a ce ba ɗansa ko ɗaya a wurin. In na dawo zan zauna gaban Inna in warware mata ƙaryata ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kuma na gama rubuta maka takarda. Ranar da ajalin Inna ya zo, a bakin wani za ka ji.

Wassalam. Yayarka,
Sa'ida Halidu