A Bar wa Nas-nas Bencinsu na Gindin Tsamiya

Zuwa ga Babban Likita mai kula da asibitinmu na kudancin kogin Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, na rubuto wannan takarda a fili domin in gyara kurakurai uku da ke cikin rahoton mai duba asibitoci, wanda aka liƙa a allon sanarwa. Rahoton ya ce nas-nas suna zama a gindin mangwaro fiye da sa'a guda kowace rana, suna hira da dariya. A kansa ne aka ba da umarnin ɗauke bencinsu, aka kuma ba babbarsu, Malama Ladi, takardar tuhuma, wadda na ji tana iya jawo a mayar da ita wani gari.

Ni tsohon akawun tashar jirgin ƙasa ne, ina zaune a Makera tun da na yi ritaya. Na kwanta mako bakwai a ɗakin maza saboda gyambo a ƙafar hagu, gadona kuwa shi ne na jikin tagar da ke kallon bencin nan. Gyambon ya warke sarai, alhamdu lillahi, yanzu da ƙafata nake zuwa masallaci. Ban da kokon safe da ake kawowa da sanyi, ba ni da ƙorafi a kan jinyar da aka yi mini.

Na ɗaya. Itacen ba mangwaro ba ne, tsamiya ce. Za a ce wannan ƙaramin abu ne. Amma wanda bai tsaya ya ɗaga kai ya dubi ganye ba, bai daɗe a wurin ba.

Na biyu. Shekara talatin na yi ina rubuta isowar jirage da tashinsu, hannuna bai saba da zama haka kawai ba. Saboda haka kullum nakan duba agogon aljihuna in rubuta lokacin da suka zauna da lokacin da suka tashi. Suna zama ne da ƙarfe biyu na rana, sa'ad da masu aikin safe suka miƙa aiki ga masu aikin yamma, kuma koyaushe akan bar mutum ɗaya a kowane ɗaki. Zamansu bai taɓa wuce minti ashirin ba, sai rana ɗaya tak, wadda aka yi rashin sa'a ita ce ranar da mai dubawa ya zo.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne batun dariya. Malama Ladi ta kafa musu wata al'ada. Idan majinyaci ya rasu a hannun ɗayarsu, ba a barinta ta wanke hannu ta tafi gida ita kaɗai. Ana zaunar da ita a tsakiyar benci, kowa ta juye abin da ta zo da shi a kwano ɗaya, dambu ne ko doya, Musulma da Kirista su sa hannu tare. Ba a tashi sai an ga ta ci. Daga nan ɗaya ta raka ta har ƙofar gida.

A safiyar ranar da mai dubawa ya zo, wata mai jego ta rasu a hannun Agnes, wata ƙaramar nas daga ƙasar Ibo, wadda ke haya a Kakuri, ba ta da dangi ko ɗaya a garin nan. Wajen azahar ta zo bakin gadona, idonta jawur, ta miƙo mini takarda ta roƙe ni in duba mata Turancinta, tun da ta ji an ce ni akawu ne. Takardar barin aiki ce. Na gyara mata kalma biyu da waƙafi guda, na ce ta dawo ta karɓa bayan an tashi.

Ta taga na ga sun zaunar da ita. Ta ƙi cin komai. Malama Ladi ba ta yi mata wa'azi ba, sai ta shiga ba su labarin shekararta ta farko a aiki, yadda ta suma a ɗakin tiyata har likita ya bar majinyaci ya koma yi mata fifita. Ta kwaikwayi likitan, ta kwaikwayi faɗuwarta. Dariyar da mai dubawa ya ji ke nan. Minti arba'in da biyar suka yi, ba sa'a guda ba. Agnes ta ci loma, washegari kuma ita ce ta wanke mini gyambo.

Ranka ya daɗe, mai ɗaukar ciwon mutane yini guda yana bukatar inda zai sauke nasa. Waɗannan mata sun samar wa kansu wurin ba tare da sun nemi komai daga hukuma ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A janye takardar tuhumar Malama Ladi, a bar ta a inda take. A mayar da benci gindin tsamiya, a kuma sa kafinta ya duba ƙafarsa ta dama, domin tana girgiɗi. Sannan a gyara rahoton da ke allo, tun da jama'a suna karanta shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa hannunka ya ci gaba da zama sanadin waraka, ya kuma kare ka daga sa hannu a kan abin da ba a duba da kyau ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Yusufu, tsohon akawu, Makera.

Abubuwan da na haɗo da wannan takarda:

1. Kwafin shafi tara na littafina, inda na rubuta lokutan zamansu.
2. Ganyen itacen guda, domin a nuna wa mai dubawa.
3. Takardar barin aikin Agnes, da izininta, da gyarana a jiki. Har aka sallame ni ba ta zo ta karɓa ba.