Baƙin Zare a Wuyan Riga

Baban Attaher,

Na tahi kasuwar Barmu, sai la'asar.

Da sahe Attaher ya tuɓe rigarshi ta lakwal har sau biyu, yana kuka wai tana cizonshi. Na shafa wuyan rigar, na ji wani abu mai tauri an ɗinke a ciki da baƙin zare. Ni ba ni da baƙin zare.

Inna ta ce ba ta san komai ba, amma jiya ta ari allurata. Kai ne ɗanta, ka tambaye ta cikin ladabi. In laya ce, a rataya mishi, wuyan yaro duk ya saɓule.

Ka duba taka rigar ma. Tun shekaranjiya kake sosa ƙeya.

Rukaiya