Injin da Ke Wa Gida Numfashi

Rillieux-la-Pape, 13 ga Nuwamba 2016

Zuwa ga Rékia,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Ya jikin Raihana? Ina fata Inna da mutanen Damagaram duk suna lafiya.

Saƙonki ya iso ta bakin yayanki, tunda ni ba ki ɗaukar wayata: ba za ki maido yarinyar nan gidan da bangonsa ke fumfuna ba. Ban ga laifinki ba. Likita ma abin da ya ce ke nan ran da aka sallame ta daga asibiti, danshi ne ke tada mata asma.

Na kira wani mai aikin iska ya duba gidan. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, babban inji mai tiyo-tiyo da za a bi da su ɗaki-ɗaki, amma sai an sauke silin. Kin san silinmu, ko yanzu in na miƙa hannu ina taɓa shi. Ta biyu babu tiyo. Ana huda bangon waje a cusa ƙaramin inji, ya fitar da iskar ɗaki ya riƙe ɗuminta a cikinsa, sannan ya juya ya jawo ta waje ya ɗumama ta da ɗumin nan. Ke nan ba sai an buɗe taga sanyi ya kashe mutane ba.

Ni dai har yanzu ina ganin turaren wutarki da tukunyar da ke kwana bisa wuta suna da hannu a ciki. Ban faɗa don faɗa ba.

Ki gaida Inna. Mijinki,
Moutari

Rillieux-la-Pape, 22 ga Janairu 2017

Rékia,

Sallama da gaisuwa. Ya sanyin can, in har ana kiran wannan sanyi? An ce Raihana ta yi ƙiba. Alhamdu lillahi.

Na je Paris takanas, gidan Malam Ilya abokina a Saint-Denis, don shi ya sa irin injin nan bara. Gani ya kori ji. Na kafa kunne jikin bango kamar mai satar zance, matarsa tana ta dariya. Ƙararsa ba ta kai ta firij ba. Na sa hannu, iskar da ke shigowa ba ta cizo, alhali waje ƙanƙara ce.

Ya ja mini kunne kan abu biyu. Kar in sayi guda, don aikin na biyu ne: ɗaya na shaƙa, ɗaya na fitarwa, bayan minti guda da ɗoriya su yi musanya. Kuma akwai rariya a ciki mai tare ƙura, sai ana wanke ta bayan 'yan watanni. Wannan ni zan riƙa yi, kar ki ce na ƙara miki aiki.

Na zaɓi biyu, ɗaya ɗakin Raihana, ɗaya falo. Za a zo hudar bango farkon Maris.

Gidan ya yi mini girma. Kewarku ta ishe ni, na faɗa.

Naki,
Moutari

Rillieux-la-Pape, 19 ga Maris 2017

Rékia tawa,

Ina yi miki sallama, ina gaida Inna, a shafa mini kan Raihana.

An sa injinan. Amma akwai maganar da ta fi wannan, kuma gara ki ji daga bakina.

Da mai aikin ya zo auna bangon ɗakin Raihana, ya ga wani murfi bayan kabad an shafe shi da fenti. Ya ɓalle shi. Ashe tsohuwar kafar shan iska ce. Ya zura hannu ya jawo jarida da hular sanyi mai ja da fari, ta yi baƙi ƙirin. Ya tambaya wane gwani ne ya yi wannan. Na ce ni ne.

Wallahi na manta sarai. Hunturun 2012 ne, kafin ki zo, ina ni kaɗai iska na busa mini ƙeya. Na toshe ta, na toshe ta kicin, na bi da fenti don ki tarar da gida fes. Shekara huɗu yarinyar nan tana kwana a ɗakin da na shaƙe da hannuna, ni kuma ina ɗora wa turarenki laifi. Har gaban likita na faɗa. Ki gafarce ni. Kunya ta hana ni kallon mutumin har ya tafi.

Na gwada aikin. Na rufe tagogi, na tafasa babbar tukunyarki awa guda. Gilashi ya yi zufa, kafin la'asar ya bushe. Bango sati biyu ke nan babu ɗigon baƙi. Na aika wa yayanki hotuna.

Sannan na ɗebi turarenki a kwalbar da kika bari na zuba a kasko. Likita ya ce ban da ɗakin Raihana, don haka a falo na yi. Aibin injin guda ne, ƙamshi ba ya daɗewa. Kafin in idar da sallah ya tafi da shi waje. Dole sai da mai sawa kullum, ni kuwa ban iya ba, garwashin mutuwa yake yi mini.

Ki dawo, Rékia. Ranar da kika zaɓa zan zo filin jirgi.

Mijinki mai laifi,
Moutari